Nazarin shimfiɗar ƙasa a akiyoloji: aikin taswira da tauraron ɗan adam ne kawai?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na gama digirin farko a akiyoloji (ilimin binciken kufai da kayan tarihi) ina so in ci gaba, sai wani malaminmu ya ce in duba ɓangaren nazarin shimfiɗar ƙasa. Na ɗan karanta sai na ga duk zancen hotunan tauraron ɗan adam ne da LiDAR da kwamfuta, ni kuma ba ni da ƙarfin waɗannan, sannan a ganina wanda bai yi tono ba ai bai yi akiyoloji ba. Don Allah mene ne ainihin fannin, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya yin bincike mai kyau a cikinsa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin tare da kai. In na fahimce ka abu biyu ne ke damunka, kana ganin fannin na masu kuɗi da na'ura ne, kuma kana tsoron kada a ce ka bar aikin gaske ka koma zanen taswira. Duka biyun ba haka ba ne, amma ba zan ce maka tsoron naka ba shi da tushe ba, don akwai masu yin abin da kake gudu ɗin kuma suna buga shi a mujallu.

Mai tono yana zaɓar wuri ɗaya ne ya nutsa ƙasa, mita biyar sau biyar ko goma sau goma, ya bi ƙasa hawa-hawa. Abin da zai samu yana da zurfi amma ba faɗi. To mutanen da suka zauna a kufan nan ai ba a cikin ramin suka yi rayuwarsu ba, sun yi noma a wani wuri, sun ɗebo ruwa a wani, sun haƙo yumɓu da tama, sun kora dabbobi kiwo ta wata hanya, sun binne matattunsu, sun yi iyaka da maƙwabta. Nazarin shimfiɗar ƙasa shi ne ka ɗauki yankin gaba ɗaya, kwari da tudu da rafi da gona da hanya, a matsayin abin binciken, kana tambayar yadda mutane suka sarrafa ƙasar da yadda ita ma ta tilasta musu. Kamar allo ne da aka yi ta wankewa ana sake rubutu, kowane zamani ya goge na baya amma bai goge shi tas ba, aikinka ka rarrabe wane layi ne na wa.

Daga ina abin ya taso

Fannin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A Ingila O. G. S. Crawford, wanda ya yi aikin leƙen ƙasa daga jirgin sama a yaƙin duniya na farko, ya zama jami'in kayan tarihi na hukumar taswirar ƙasar a 1920, shi ne ya nuna wa mutane cewa daga sama ana ganin tsofaffin gonaki da ganuwa waɗanda in kana tsaye a kansu ma ba za ka lura ba. A 1946 Gordon Willey ya bi kwarin Viru a Peru ya rubuta kufai sama da 300, ya jera su zamani-zamani ya ga yadda zama ya rinƙa sauyawa tare da ban ruwa da yaƙi da mulki. Robert Adams ya yi irin wannan a kudancin Iraƙi yana bin tsofaffin magudanan ruwa, inda ya nuna cewa in kogi ya sauya hanya ko magudana ta cushe garuruwa ma tashi suke. Sunan fannin kansa sai a 1974 ya bazu ta hannun Mick Aston da Trevor Rowley. Ka lura duk waɗannan a lokacin da suka yi ayyukan nan ba su da LiDAR, na'urar auna ƙasa da leza daga jirgi, kayan aikinsu ƙafa ne da ido da taswira da tsohon hoto.

Misalin da nake yawan ba ɗalibai shi ne Jenne-jeno a Mali. Roderick da Susan McIntosh sun fara aiki a can a 1977, sun tona suka gano an fara zama wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, to amma abin da ya sauya tunanin mutane ba ramin kaɗai ba ne, zagayen da suka yi ne suka ga tarin tuddan kufai masu yawa sun kewaye babban, kusa-kusa, an zauna a cikinsu a lokaci guda. Sai ya zamana birnin ba dunƙule ɗaya ba ne mai fada a tsakiya, gungun unguwanni ne a warwatse. Da sun tsaya a rami ɗaya da har yau ba a san haka ba.

Abin da ido ke gani da dalilinsa

Bari in tsaya a nan kaɗan don nan ne ɗalibai ke tsallakewa su ruga wajen kwamfuta. Me ya sa abin da aka binne shekara dubu uku zai bayyana a hoto? In an taɓa haƙa gwalalo ya cike da ƙasa mai laushi, wurin ya fi riƙe damshi, shukar da ke kansa sai ta fi tsawo ta daɗe tana kore. In kuma tushen gini ne na dutse a ƙasa, saiwa ba ta samun zurfi, shukar ta tsumbure ta riga sauran bushewa. Shi ya sa shekarar fari ita ce shekarar girbin masu wannan aiki, a fārin 2018 a Ayalan an tashi jirgi maras matuƙi kusa da tsohon kabarin Newgrange sai ga wani ƙaton da'ira ya fito a gona, wurin da masana suka shekara da shekaru suna bincike. Wata guda bayan an yi ruwa ko an girbe, ya ɓace. Haka nan tudun ganuwar da ta zaizaye har ta rage tsayin taƙi ɗaya, da tsakar rana ba ka ganin komai, amma ka zo da sassafe ko gab da magariba rana ta kwanta, inuwa za ta zana maka ita daga farko har ƙarshe.

Aikin ƙafa kuma ga yadda muke yi. A jera mutane a layi, tsakanin kowa da kowa mita goma ko ashirin, kowa da jakarsa, a taka gonar da aka yi wa huɗa kai a sunkuye, ana ƙirga tsingaro da tsinken dutse da kashin maƙera, a rubuta abin da aka samu a kowane yanki. Na sha ganin gona ɗaya ta ba da sakamako biyu, ranar da aka gama huɗa ƙura ta lulluɓe komai ba ka tsintar abin kirki, bayan ruwa ya wanke ta kuwa tsingaro sai ka ga kamar an watsa. Kuma mutane ma sun bambanta, wani idonsa na jan tsingaro ne kawai, baƙi ya wuce shi, wani da rana ta take sai ƙirgensa ya faɗi. Saboda haka muke rubuta sunan wanda ya bi kowane layi, da lokaci, da kashi nawa na ƙasar ake iya gani saboda ciyawa. Wanda bai rubuta waɗannan ba taswirarsa tana nuna inda aka fi gani ne, ba inda aka fi zama ba.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe a duk maganar nan. Farin wuri a taswira ba ya nufin ba a zauna ba. A kudancin Iraƙi lakar da koguna suka kwantar ta binne tsofaffin ƙauyuka a ƙarƙashin mitoci na ƙasa, a kan tudu kuma zaizaya ta kwashe, a wani wurin garma mai nauyi ta niƙe komai, a wani gari ya hau kai. Dole kafin ka ce "mutane sun fi son zama a gindin tudu" ka tabbatar ba gindin tudun ne kawai wurin da shaida ta tsira ba. Shi ya sa ba ma rabuwa da masana ƙasa da laka, su ne za su huda ƙasa su ciro ta kamar sanda su ce maka wannan fuskar da kake takawa ba ta kai shekara ɗari biyar ba, ta zamanin da kake nema tana can ƙasa.

Na'urorin da ka ji labari

LiDAR ba ƙarya ba ne, abin mamaki ne. Jirgi yana harba hasken leza sau dubbai a daƙiƙa, wasu su daki ganye wasu su ratsa ta tsakanin rassa su taɓa ƙasa, sai a cire na ganyen a kwamfuta a bar surar ƙasa tsirara. Arlen da Diane Chase sun yi shekara sama da ashirin suna sarar daji a Caracol ta Belize, a 2009 jirgi ya ɗauki kusan murabba'in kilomita 200 cikin 'yan kwanaki ya nuna musu gonakin bene-bene da hanyoyin da ba su kai gare su ba. A 2012 aka yi a Angkor ta Kambodiya aka ga tsarin tituna da tafkuna a ƙarƙashin kurmi. A arewacin Gwatamala an ɗauki sama da murabba'in kilomita 2,000, sakamakon da ya fito a 2018 ya ƙirga gine-gine sama da 60,000. Har a Amazon, a kwarin Upano na Ikwado da yankin Casarabe na Bolibiya, an ga dandamali da hanyoyi a inda ake cewa ba a taɓa yin babban gari ba.

Sai dai ka tambayi kanka, gine-gine 60,000 ɗin nan duk a lokaci ɗaya aka zauna cikinsu? Leza ba ta san shekara ba. Tudun da aka yi shekara dubu biyu da wanda manomi ya tara bara, in surarsu ɗaya ce to ɗaya suke a hoto. Kuma abin da ba shi da tudu, bukkar kara ko zangon makiyayi, ba ya fitowa sam, ka ga kenan na'urar ta fi son masu gini da dutse. An taɓa yin shela a 2016 cewa hoton tauraron ɗan adam ya gano mazaunin Vikin, tsofaffin matuƙan teku na arewacin Turai, a Point Rosee ta Kanada, aka yi ta yayatawa, da aka koma aka tona sosai ba a samu wata shaidar Vikin ba. Ba abin kunya ba ne, haka bincike yake, amma yana nuna maka wa ke da magana ta ƙarshe.

Akwai kuma masu leƙa cikin ƙasa ba tare da tono ba. Na'urar auna maganaɗisu, wadda Martin Aitken ya fara gwadawa a wannan aiki a 1958, tana gane inda aka ƙona ƙasa kamar murhu ko matoya, da ramukan da suka cike. Ranar da za ka riƙe ta sai ka cire bel da makulli da waya, har takalmi mai ƙusa da wando mai zip ɗin ƙarfe ba a yarda ba, in kuwa akwai shingen waya kusa ko ƙasar dutsen wuta ce, sakamakon sai ya zama hayaniya zalla. Rada mai ratsa ƙasa tana ba da zurfi amma laka mai damshi tana shanye ta. Da irin waɗannan ne aikin da aka fara a 2010 a kewayen Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu ta Ingila, ya kai ga gano jerin manyan ramuka da suka yi da'ira mai faɗin kusan kilomita biyu a Durrington, aka sanar a 2020. Ni aikina ya fi karkata ga binciken ƙafa da tsofaffin hotuna, in ka zaɓi wannan ɓangaren na na'ura ka nemi wanda ya ƙware a kansa ya zaunar da kai, karanta sakamakonsu sana'a ce mai zaman kanta.

Mai ƙaramin ƙarfi fa

Nan ne labari mai daɗi. Taurarin leƙen asiri na Amurka masu suna CORONA sun ɗauki hotunan ƙasa daga 1960 zuwa 1972, a 1995 aka saki hotunan ga jama'a. Darajarsu ita ce sun ɗauki ƙasa kafin manyan madatsun ruwa da taraktoci da faɗaɗar birane su share abubuwa da yawa. Tony Wilkinson da Jason Ur sun yi aiki a kan wasu faffaɗan layuka marasa zurfi da ke fita daga tsofaffin tuddan arewacin Siriya da Iraƙi ta kowace kusurwa, Ur ya bi su a hotunan CORONA ya zana dubban kilomita. Hanyoyi ne da ƙafar mutane da kofaton dabbobi suka ƙwaƙule shekara sama da dubu huɗu da suka wuce. Abin da ya fi burge ni shi ne suna tafiya 'yan kilomita sai su ɓace, dalili kuwa muddin akwai gona hagu da dama dole kowa ya bi burtali ɗaya, da an wuce gonaki sai garke ya bazu. Wato inda layin ya mutu nan ne iyakar noman garin, daga nan kuma kana iya lissafin hatsin da zai samu da yawan bakin da zai ciyar. Hoton da aka yi wannan da shi bai kai kuɗin tayar jirgi ba, tunanin ne mai tsada.

Google Earth kyauta ne, da shi David Kennedy da wasu suka ƙirga dubban gine-ginen dutse a hamadar Jodan da Saudiyya, ciki har da dogayen shingayen da ake kora namun daji cikinsu. Hotunan tauraron Sentinel-2 kyauta ne, bayanan tsayin ƙasa na SRTM kyauta, manhajar zana taswira ta QGIS kyauta, wayar hannunka tana ba da lambar wuri da kuskuren 'yan mitoci wanda ya isa aikin zagaye. Tsofaffin hotunan jirgi da taswirori suna nan jibge a ma'ajiyar hukumomin safiyo a ƙasashe da yawa ba mai taɓa su. Ko Doggerland, ƙasar da teku ta cinye tsakanin Ingila da Turai, Vince Gaffney da abokansa da bayanan da kamfanonin mai suka riga suka tara suka zana kogunanta da tuddanta.

Inda kuɗi zai kama ka shi ne sanin shekaru. Gwajin kabon a kan gawayi ko ƙashi ko iri, da gwajin da ke nuna ranar ƙarshe da yashi ya ga rana, duk sai an aika ɗakin gwaji. Kuma ganuwa da kunya da hanya suna da wuyar sa wa shekara, gwalalo ana yashe shi sau da yawa, abin da ka samu a gindinsa na yasar ƙarshe ne ba ta farko ba, gawayi kuma yana iya zama na tsohuwar bishiya da ta girmi wutar da ɗaruruwan shekaru. Dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce duba wa ya yanka wa, in hanya ta ratsa iyakar gona to gonar ta riga ta, in iyakar ta karkace don ta kauce wa tudun kabari to kabarin ya riga. Da wannan da jerin tsingaron da aka riga aka san zamaninsa za ka yi nisa, sai ka ajiye ɗan kuɗin da ka samu don gwaji biyu ko uku a wuraren da suka fi muhimmanci. Ka ga tonon da kake ƙauna bai tafi ko'ina ba, ya dai koma ƙananan ramuka da ake sa su inda tambaya ta nuna.

Rigimar da za ka tarar

Masanan ba bakinsu ɗaya ba. Wani ɓangare ya fi ba da ƙarfi ga ruwa da ƙasar noma da nisa da yawan jama'a, abubuwan da ake aunawa. Wani kuma, musamman tun da Christopher Tilley ya fito da nasa ra'ayin a 1994, yana cewa ƙasa ba wurin neman abinci ba ce kawai, mutane suna ganinta da tsoro da tsarki da tunawa da kakanni, don haka mai bincike ya taka wurin da kansa ya lura da me ake hangowa daga ina, me ke ɓuya, me ke bayyana in ka sha kwana. Andrew Fleming ya yi musu raddi mai zafi, yana cewa abin da kai ka ji a tsaye kan tudu yau ba hujja ba ce a kan zuciyar mutumin shekara dubu biyar. Ni a nawa ganin Fleming ya fi gaskiya a kan hujja, Tilley ya fi gaskiya a kan tambaya. Dubi Stonehenge, a 1998 wani masani ɗan Madagaska, Ramilisonina, ya ce wa Mike Parker Pearson a wurinsu dutse na matattu ne itace na masu rai, daga nan aka yi hasashen cewa da'irar itace ta Durrington da ta dutse ta Stonehenge abu ɗaya ne da kogin Avon ya haɗa, sai aka je aka tona don a gwada, aka samu gidaje da tarin ƙasusuwan aladu na biki a Durrington da hanyar da ta gangara kogi. Tunani ne na ma'ana amma an sa shi a ma'auni.

Haka ma kwamfuta tana da nata ruɗin. Za ta lissafa maka hanya mafi sauƙi tsakanin gari biyu, ko duk inda ake hangowa daga kan tudu, ta fitar da taswira mai launi gwanin kyau, alhali ba ta san da kurmi a wurin a da ba, ba ta san akwai dajin da ake tsoro ko ƙasar abokan gaba da ake zagayewa ba. Ko tsingaron da ke warwatse siriri a fili nesa da kufai, wanda aka gani sosai a binciken Boeotia ta Girka da John Bintliff da Anthony Snodgrass suka fara a 1978, wasu sun ce taki ne aka kwaso daga juji aka kai gona ya taho da fasassun tukwane, wasu sun ce zaizaya ce ko ƙananan gidaje da suka ɓace, har yau ana ja.

In da ni ne kai zan zaɓi yanki ƙarami, kwari ɗaya ko kewayen kufai ɗaya da ƙafa za ta iya gamawa a lokacin da kake da shi, da tambaya ɗaya tak wadda za a iya cewa e ko a'a a kanta, misali ko zama ya matsa daga tudu zuwa bakin rafi a wani zamani. Ka koyi QGIS tun kafin ka fara, ka koyi tsingaron yankin a hannun wanda ya san shi, ka ɗan shiga ajin ilimin ƙasa ko da sauraro ne. Ka zauna da manoma da makiyaya da tsofaffin wurin, sunayen wurare kaɗai sukan nuna maka tsohuwar rijiya ko kasuwa ko maƙera, kuma mai gona ya san inda garmarsa ke karo da dutse fiye da kowane tauraro. Kada ka taka gonar kowa ko ka ɗauki ko tsingaro ɗaya sai da izinin mai ita da takardar hukumar da ke kula da kayan tarihi a ƙasar, sannan lokacin rubutu ka yi shawara da sufabaizanka kafin ka buga ainihin lambobin wuraren da ka gano, don masu haƙar sata su ma suna karanta irin waɗannan rahotannin.